Kalar Rana

Ƙarfe biyun dare a Akoka.
An ɗauke wuta, janareto na tari a bayan gini,
ni kuwa hannuwana suna cikin akwati,
cikin baƙar safar roba har hammata,
ina ɗiga ruwa a kan gilashi
wanda kaɗan ya ɗara farcen babban yatsa.

Gilashin ya juya kamar koɗi a hannun yaro.
Rawaya ya koma ƙasa-ƙasa, ya koma baƙi wuluk.
Ga shi nan, ferobskait,
sunan da Inna ta gwada sau uku a waya
ta ce a bar mata shi a tarkon rana.

Hawa biyu ne, Inna.
Na sama mai tsirfa ne,
shuɗi da kore yake ci, ja ya bar shi ya wuce.
Nawa shi ne na ƙasa.
Dokin ƙofarsa gajere ne,
ko gajiyayyen hasken da ido ba ya gani
yana iya ɗaga ƙafa ya shigo.
Kin tuna masu kala bayan an ɗaure dammuna,
yadda suke sunkuye a gonar wani
har kwando ya yi nauyi?
To, aikinsa ke nan.

Da kuza da dalma ake haɗa shi.
Kuza, Inna.
Wadda Kaka Cindo ya ɗauka a kai a Bukur,
kwano bayan kwano, daga rami zuwa bakin ruwa,
har tsakar kansa ta daina fid da gashi.
Bai taɓa sanin inda take zuwa ba.
Yau ta dawo mini a jirgi, jan gari a 'yar kwalba,
da farashi a dala,
bayan ta yi wata uku a hannun kwastan.

Ba ta son iska.
Ga Legas kuwa, iskarta a jiƙe take,
da gishirin teku da hayaƙin danfo.
Shekaranjiya motar gas ta maƙale a Apapa,
akwatin ya shaƙi numfashin gari,
sha biyu suka mutu a dare ɗaya.
Morenike ta rubuta a littafi, ba ta ce uffan ba,
ta fita ta dawo da gasasshiyar agada da gyaɗa,
muka ci a tsaye.

Dalma ma ba kanwar lasa ba ce.
Mun san abin da ta yi wa yaran wasu ƙauyuka.
Shi ya sa nake rufe bakin kowane gilashi
kamar mai rufe rijiya a gidan da ake rarrafe.

Da asuba na sa na yau a ƙarƙashin fitila.
Layi ya tashi a allon kwamfuta,
ya miƙe, ya daɗe bai faɗi ba.
Na kira Morenike da sunan ƙanwata
don ruɗewa.
Ta ce, bari mu gani ko zai kai azahar.
Da gaskiyarta. Na makon jiya hantsi ya gani kawai.

A hanyar Agege na samu gefen taga.
Daga kan gada rufin kwano ne har iyakar gani,
ja da tsatsa,
rana na ta zuba a kai kamar hatsi daga yagaggen buhu,
ƙarƙashinsa tela na jiran wuta,
mai niƙa na ƙirga kuɗin mai,
wata uwa na fifita jariri da murfin kwali.

Ban gaya wa kowa a motar ba.
Kwandasta ya ce ba shi da canji,
na bar masa,
na duba agogo.
Saura awa biyar azahar.